Rabin Gwangwanin Fenti

Akwai wata mata mai suna Warsinah a wani ƙauye cikin duwatsun Gunungkidul, inda ƙasa ba ta yarda da komai sai rogo. Yara suna ce mata Bu Warsinah, wato Mama Warsinah, ƙawayenta da ƙannenta kuma Yu War, wato Yaya War.

A bangon gidanta, dab da ƙofa, akwai rubutu da jan fenti: "Gidan matalauta, masu karɓar tallafi." An fesa shi ne shekara shida da suka wuce, shekarar da mijinta Pak Tukiran, wato Baba Tukiran, ya faɗo daga bishiyar kwakwa ƙugunsa ya goce.

A shekarar nan sun ji jiki. Busasshen rogo safe da yamma, wata rana ma babu. Katin tallafin da gwamnati ta ba su ne ya dawo da shinkafa tukunyarsu, shi ya riƙe 'yarsu a makaranta. Shi ya sa ba ta wasa da shi. A cikin hijabin sallarta take naɗe shi, ta tura ƙarƙashin matashi.

Duk wata matan da ke karɓar tallafi sukan taru a gidan ɗayansu, a shimfiɗa tabarma a sha shayi mai zaƙi. Jami'ar da ke kula da su, Mbak Ningrum, wato Anti Ningrum, takan zo a kan ɗan babur ɗinta. Ita ce ta saka sunan Warsinah a shirin koyar da sana'a. Sati uku ana koya musu yanka rogo siriri, da suya, da barbaɗa yaji, da liƙe leda. Da aka gama, aka ba ta injin yanka na hannu da ƙaton kasko.

To, hannun Warsinah mai albarka ne. Soyayyen rogonta ya shiga shagunan hanyar bakin teku, masu zuwa shan iska suka riƙa kwasa. Cikin shekara biyu aiki ya fi ƙarfinta, har ta ɗauki maƙwabciyarta Sarmi tana taya ta fere rogo.

Sai dai duk lokacin da kasuwa ta ƙara buɗewa, gabanta ƙara faɗuwa yake. Ta ji labarin cewa wanda ya samu ana cire shi daga tallafi, kuma ita ba ta manta da ɗanɗanon yunwa ba.

Wata rana da hantsi, ta ji ƙarar babur ɗin Mbak Ningrum ya nufo gidan. Ga buhu huɗu na soyayyen rogo a tsakar ɗaki.

Ta ce, "Pak! Pak! Rufa mana asiri, ga ta nan!"

Ta wurga zani a kan buhunan. Shi kuma bawan Allah, don abin ya yi kama da kujera, sai ya ɗingisa ya je ya zauna a kai. Mbak Ningrum na yin sallama, sai ji kake ƙarasss!

Ta dubi tsohon, ta dubi zanin, ta ce, "Pak, wannan kujerar taka har da ƙamshin tafarnuwa?"

Ya ce, "Sabon yayi ce, Mbak. In ka gaji da zama sai ka cinye ta."

Mbak Ningrum ta yi dariya har da hawaye. Da ta natsu, sai ta kamo hannun Warsinah, wanda mai ya ɗiɗɗiga wa tabo.

"Haba Bu, tun daga masallaci nake jin ƙamshin suyarki. Ni na kai ki koyon abin nan, ni kuma za ki ɓoye wa?"

Warsinah ta sunkuyar da kai. "Mbak, ke yarinya ce, ba ki san yunwa ba. Sana'a yau akwai, gobe babu. In na rasa katin nan kasko ya huce, wa zan kama?"

"Ba fizge shi na zo yi ba. In lokacin sabunta rajista ya yi, za a duba kowa, wannan ba a hannuna yake ba. Ni dai na fi so in ga kin fita da ƙafarki. Akwai masu jira, Bu, kuma layin ba ya motsi sai wani ya tashi."

Warsinah ta janye hannunta. A ranta cewa ta yi masu jira su ci gaba da jira, ita ma ai ta yi nata jiran.

Ita Sarmi, mijinta ya ƙetare teku neman aiki a gonakin manja, shekara guda ba shi ba labarinsa. Ya bar ta da yara biyu. Ɗan abin da take samu a fere rogo ba ya kai su ƙarshen sati, amma ba ta taɓa kai kuka ba. Abu ɗaya take roƙo kullum in an tashi aiki.

"Yu War, in kwashe ɓawon nan da guntayen? Na akuyata ne."

"Kwashe mana. Akuyar nan taki ta kusa fin mu ƙiba."

Wata la'asar Sarmi ta manta wuƙarta, Warsinah ta ce bari ta kai mata. Da ta zagayo ta bayan gidan, sai ta ga garken wayam. Igiya na rataye, ciyawa har ta tsiro a inda akuya ke kwanciya. A bakin murhu kuwa, yaran biyu sun sa kwano a gaba suna cin dafaffun guntayen rogon nan, waɗanda ita Warsinah take turewa da ƙafa.

Ta tsaya da wuƙar a hannu. Ta san wannan ƙaryar. Ita ma ta yi ta shekara shida da suka wuce, a gidan wani mai sayen rogo, da wannan muryar, da wannan murmushin.

Ta ce a hankali, "Sarmi, ina akuyar?"

"Ta tafi kiwo, Yu."

"Da ciyawa a makwancinta?"

Sarmi ta rufe fuska da gefen mayafi. "Tun kafin azumi na sayar da ita. Don Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Ba ki ba da sunanki a tallafi ba?"

"Na bayar tun bara. Sun ce in jira, babu gurbi."

Warsinah ta koma gida tana share hawaye. Ta tarar da mijinta a kan benci, ta zauna kusa da shi ta ce, "Pak, zan mayar da katin."

Ya shafa ƙugunsa. Can ya ce, "Bu, ƙuguna bai warke ba. In kasuwa ta juya mana baya, ba ni da abin da zan kawo gidan nan."

"Na sani."

Sai ya miƙo hannu. "To ba ni wuƙa. Ko a zaune ai na iya fere rogo."

Ranar taron wata, bayan an zuba shayi, Warsinah ta warware hijabinta ta fito da katin, ta ce ta zo mayar da shi ne. Mata suka ɗauki shewa.

Yu Ginem, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Ku matsa wa mai kuɗi ta wuce! Yu War, ko zazzaɓi ke damunki? Wa ya taɓa mayar da abin da aka ba shi kyauta?"

Warsinah ta miƙa katin, Mbak Ningrum ta kama ta ja, katin ya ƙi tahowa. Ta sake ja.

"Bu, sai fa kin saki."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba. Sannan ta saki.

Mbak Ningrum ta matso ta raɗa mata, "Ba zan iya yi miki alkawarin Sarmi za a ba ba."

Warsinah ta ce, "Ko ba ita ba, akwai wata mai irin akuyarta."

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Damina ta shigo, masu zuwa bakin teku suka ɗauke ƙafa, mai ya yi tsada. Sau biyu hannun Warsinah na kaiwa ƙarƙashin matashi ya dawo babu komai, kuma gaskiya ta yi nadama har ta yi kuka. Amma ba ta kashe murhu ba. Mbak Ningrum ma ba ta yar da ita ba, ta haɗa ta da wani mai shagon tsaraba a cikin gari, wanda ke karɓar kaya rani da damina. A hankali abubuwa suka miƙe. Warsinah ta ƙara wa Sarmi lada, kuma duk yamma sai ta cika mata kwano da shinkafa ta ce, "Ungo, na akuya."

Ta sayo gwangwanin shuɗin fenti. Pak Tukiran ya dafa sanda ya shafe jan rubutun nan da hannunsa, harafi bayan harafi. Rabin fentin ya isa.

Bayan wata biyar sababbin sunaye suka fito, kuma Allah ya sa har da na Sarmi. Ranar da ma'aikata suka zo fesa rubutu a bangonta, ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa inda za ta sa kanta. Ga murna, ga kunya, ga maƙwabta na leƙowa.

Sai ga Warsinah tafe, rungume da rabin gwangwanin nan. Ta ɗora mata a hannu.

"Na mene ne wannan, Yu?"

"Na ranar da za ki goge naki. Mai shago ya ce in an rufe da kyau, zai kai shekara biyu bai bushe ba. Kin ji wa'adinki. Gobe ki zo da wuri, kin gama da fere rogo, suya zan koya miki."

Sarmi ta ƙanƙame gwangwanin a ƙirjinta, ta fashe da kuka a kafaɗar Warsinah.

Darasi: Karɓar taimako lokacin da ka faɗi ba abin kunya ba ne. Amma idan Allah ya ɗaga ka har ƙafarka ta tsaya, ka saki, domin akwai wanda ke jira a bayanka yana ɓoye yunwarsa da murmushi. Kuma in ka tashi, ka koya masa hanyar da ka bi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai mai riƙe da abin da lokacin sakinsa ya yi.