Farar Hular Tunau da Darbejiyar Iya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To ta zo, amma ku gyara baki, da ɗaci ta zo.

A wani gari an yi wani mutum, Tunau, ɗan kwalisa mai wayon tsiya. Ran nan sai ya faɗo gida yana kururuwa: "Wayyo, an kashe ni! Tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar ɗan Adam haka ba!"

Uwarsa, Iya Tabawa, ta fito a gigice. "Wa ya mutu?"

"Farar hulata, Iya! Tsuntsun darbejiyarki ya yi mata kashi. Yau sai na sare ta!"

Iya ta ce, "Kai Tunau, ji tsoron Allah. Da ganyenta nake yi maka surace har ka yi gemu. Asuwakinta ya haska haƙoran da kake yanga da su. Muddin ina raye, gatari ba zai taɓa ta ba."

Al'adar garin kuwa, mai neman magani sallama yake wa itace, ya sassaƙi gefe ɗaya, ya bar saura. Sai Tunau ya ɗauki wuƙa, ya je dafe da ciki.

"Salamu alaikum, Darbejiya. Ciki ya murɗe."

Ta ce, "Sannu, ɗan Iya. Ɗebi ɓawon gabas." Sai ya ɗiba, ya zarce.

Kashegari ya zo dafe da kunci. "Haƙori!"

Ta ce, "Sannu. Ɗebi yamma." Sai ya ɗiba, ya zarce.

Rana ta uku ya zo yana ɗingishi. Ta ce, "Tunau, ɓawona saura faɗin tafin hannu. Da shi nake rayuwa."

Ya ce, "Ashe rowa gare ki?"

Ta ce, "Mai magani ba ya korar mara lafiya. Ɗebi."

Sai ya kwashe ragowar ɓawon tas. Sai ganye ya yi ta zuba. Sai tsuntsaye suka watse. Tunau ya karkace hula, ya ce, "Iya, gara ce ta ci ta." Iya ta shafa sawun wuƙa a jikin itacen.

Damina ta faɗi, sauro ya taso, zazzaɓi ya kayar da Iya. Ta ce, "Ɗan nan, samo mini ganyen darbejiya a yi mini surace."

Ya ruga gindin darbejiyar. "Salamu alaikum! Ko ganye bakwai!" Shiru. Ya sake sallama. Shiru. Ya durƙusa ya yi ta uku. Sai wani busasshen reshe ya faɗo gabansa.

Ba wata darbejiya sai a tsallaken kogi, kogi kuwa ya kawo. Kwana biyu ya yi kafin ya dawo, farar hular nan shaƙe da ganye, ta rine ta yi kore. Sai ya hango tabarmi a ƙofar gida, mutane na zaman makoki cikin rana tsaka, don ba inuwa.

Suka ce, "Haƙuri, Tunau, kwana ne ya ƙare. Gara kuma ta cuce mu."

Ya zube ganyen a gindin kututturen. Ya ce, "Ku bar zagin gara, jama'a. Ni ne garar."

Shi ya sa ake cewa kada ka kashe mai yi maka magani don kana lafiya yau.

Ƙurunƙus. Wanda ya ji ɗaci, ya haɗiye, magani ne.