Reshen Gwanjo a Jikin Habboba

Akwai wani mutum mai suna Husam, mazaunin unguwar Alsahafa a Khartum. Jikan alhazan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, hanya ta tsaya da su a Sudan har suka yi gida. Abin da zan ba ku ya faru ne gab da yaƙi ya tarwatsa birnin.

Husam kayan gyaran mota yake sayarwa, amma zuciyarsa ba a shago take ba. Tana can saman bene, inda ya jera tukwanen wani fure da 'yan Sudan ke kira wardi sahara, mu kuma muka sani da kariya. Gindinsa kamar tulu, furensa ja ko fari ko ruwan hoda. In ka kai masa ziyara, kafin ya ba ka ruwa sai ya gama gaya maka asalin kowace tukunya.

Son furen nan gado ya yi. A gidansu na Alsawra, can Omdurman, akwai wata tsohuwar kariya a tsakar gida da ta fi mutum tsawo. Kakarsu ce ta dasa ta da hannunta, shi ya sa suke kiranta Habboba, wato kaka. A gindinta aka yi taron sunansu, a gindinta aka zauna makokin iyayensu. Yayarsa Mayada, malamar makaranta, ita ce a gidan, ita ke kula da ita.

Husam ya sha ce mata, "Yaya, wallahi ba zan huta ba sai na samo reshen da babu irinsa a Sudan na yi wa Habboba aure da shi."

Aure a wajen masu shuka shi ne a yanko reshen wata bishiya a ɗaura a jikin wata, su haɗe su zama ɗaya. Mayada ma ta iya, don tare mahaifinsu ya koya musu.

Masu tara furen suna da rukuni a waya inda suke gwanjo, suna kiransa mazad. Wata rana wani ya turo labarin wani ɗan farin fure na Turai mai fitowa cikin ƙanƙara, wai 'yar albasarsa guda an sayar a gwanjon intanet kan kuɗin da zai sayi babur. Tun daga ranar kan mutane ya juye. Kowa gani yake arzikinsa na kwance cikin tukunya.

Ana cikin wannan zazzaɓi wani baƙo ya saka hoton wata kariya mai ganye rodi-rodi, kore da rawaya, ya ce daga ƙasar waje aka kawo ta. Rukuni ya ɗauka. Wannan ya taya, wancan ya ƙara. Husam ya rantse ba za a kayar da shi a gaban mutane ba, ya yi ta ƙari har ya taɓa jarin shagonsa. Da aka ce ta zama tasa, kowa a rukunin ya yi mamakin kuɗin. Ko Mayada bai gaya wa ba, ya san faɗan da zai sha.

Ya ware ta gefe guda, nesa da sauran tukwanensa, kamar yadda ake yi wa sabuwar shuka. Sannan ya kira abokinsa Dakta Tariq, malamin jami'a mai koyar da cututtukan shuka, ya zo ya gani. Ba shawara yake nema ba, so yake a yaba.

Tariq ya ɗaga ganye ɗaya ya duba shi a hasken rana. Ya taɓa sababbin ganyen da suka fara murɗewa. Fuskarsa ta sauya.

"Ya Husam, nawa ka ce ka biya?"

"Bar maganar kuɗi. Ka taɓa ganin irinta?"

"Na gani, a ɗakin gwaji. Wannan ba ado ba ne, ciwo ne. Ƙwayar cuta ce a cikin ruwan jikinta, ita ke zana ganyen haka."

Husam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To a fesa magani mana."

"Ba ta da magani. Duk bishiyar da ka yi wa aure da ita ta kamu. Wuƙar da ta yanke ta in ta yanki wata, ta kai mata. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye ma suna ɗauka. Ganye zai murɗe, fure ya ƙanƙance, bishiya ta yi ta ramewa. Ƙona ta, ya ɗan'uwa, yau ɗin nan."

Husam ya zauna daɓas a kan bokiti. Ya kira lambar wanda ya sayar masa, a kashe. An ma fice daga rukunin.

To a nan ne nake jin haushin Husam, ba zan ɓoye muku ba. An cuce shi, gaskiya ne. Amma maimakon ya ƙona ta, sai ya ce a ransa: me ya sa ni kaɗai zan sha wannan asara?

Ya sayo sabuwar wuƙa don kada tasa ta taɓa ta. Ku ji fa, tukwanensa yake karewa! Ya yanka rassanta ya ɗaura a kan ƙananan kariya, ya jira suka kama. Ya tsinke duk ganyen da ya murɗe, ya ɗauki hotuna masu kyau. Ya sayi sabon layin waya, ya buɗe shafi da sunan ƙarya, ya kai su wani dandalin gwanjo da Tariq ba ya shiga.

Mafi girma a cikin tukwanen, wata mata mai suna Su'ad ce ta cinye gwanjonta. Ta nace ƙwarai, ana ƙarawa tana ƙarawa. Husam yana kallon waya yana murmushi, yana cewa Allah ya kawo mai kuɗin banza. Ta biya ta waya, ya ba mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, tukunya ya kai mata bakin kasuwa.

Abin da bai sani ba, Su'ad maƙwabciyar Mayada ce. Ita ta ga hoton ta nuna mata, Mayada kuwa ta tuna burin ƙanenta. 'Yan kunnen zinarinta ta sayar, ta ce wa Su'ad kada ta bari kowa ya riga su. Ta yanka reshen gunduwa-gunduwa, ta ɗaura a kan manyan rassan Habboba, ta yi shiru da bakinta tana jiran Sallah.

Ranar Sallah Husam ya haye gada zuwa Omdurman da sabuwar jallabiya. Mayada ta tare shi a ƙofa tana dariya.

"Rufe idonka."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro?"

"Na ce ka rufe. Halas, shi ke nan, taho."

Ta ja hannunsa har tsakar gida. Ya buɗe ido. Habboba ce a gabansa, kowane babban reshe da sabon tsiro mai ganye kore da rawaya. Ya san ganyen nan kamar yadda ya san tafin hannunsa.

"Ka ga abin mamaki?" in ji Mayada, tana jan wani reshe na ƙasa. "Nan ban ɗaura komai ba, amma dubi, ganyenta na asali ma sun fara ɗaukar zanen. Habboba ta karɓi baƙo hannu biyu!"

Husam ya dubi reshen. Sababbin ganyen sun fara murɗewa. Ya dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya? Ba ta yi maka ba ne?"

"Yaya, a ina kika samu?"

"A gwanjo. Su'ad ce ta taya mini. Kada ka tambaye ni kuɗin, kada kuma ka kalli kunnena."

Sai a lokacin ya lura kunnenta babu komai. Ya durƙushe a gindin bishiyar, ya gaya mata duka: gwanjon farko, maganar Tariq, sabuwar wuƙa, sunan ƙarya, mai raksha. Bai rage komai ba.

Mayada ba ta yi ihu ba. Ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ka san ciwo ne lokacin da ka sayar?"

"Na sani."

"In mun sare rassan da na ɗaura fa?"

"Ya riga ya shiga jikinta duka. In an bar ta, ƙwari za su kai wa na maƙwabta."

Ta ɗora hannu a jikin Habboba. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ka gaya mini abu ɗaya, Husam. Da a gidan wasu ka ga wannan ganyen, da ka buɗe baki?"



Mayada ta shiga ɗakin ajiya ta fito da gatari, ta ajiye a gabansa.

"Sauran da ka sayar wa, yau za ka neme su ka gaya musu, da sunanka na gaskiya. Wannan kuma ni ba zan iya ba. Kai za ka sare ta."

Ranar Sallah, ana ta gaishe-gaishe a layi, maƙwabta suka riƙa jin sarar gatari daga gidan. Mayada na ɗaki ta toshe kunnuwanta, Husam na sara yana kuka.

Darasi: Don an cuce ka, ba a ba ka izinin cutar wani ba. Wanda kake yaudara a bayan waya ba lamba ba ce, mutum ne mai gida da 'yan'uwa, kuma ba ka san ko naka ba ne. In ka san abu yana da aibi, ka faɗa ko ka haƙura da asarar, kada ka miƙa ta gaba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani yana saye da sayarwa ta waya, ko Allah zai sa wani ya janye hannunsa tun kafin ya kai ciwo gidansu.