Taku Tara a Ƙofar Birni

Akwai wata mata da ta nemi aikin zagayawa da baƙi a babban birnin ƙasarsu, birni mai tsohon tarihi. Abokan aiki Sabuwa suke ce mata. Ranar wata Talata da ƙarfe goma na safe ta shiga gwajinta na ƙarshe. In ta ci, aiki ya tabbata. In ta faɗi, sai zaman gida, ga 'ya'ya uku, ga maigida kwance ba lafiya.

Oga ya gindaya mata sharaɗi: wuri uku cikin awa biyu. Tsohuwar ƙofar birni, fadar da aka mayar gidan tarihi, sannan hasumiya, wadda ake rufewa sha biyu daidai. Shi da kansa ya biyo bayansu yana duba agogo.

Cikin baƙi goma sha biyu da aka haɗa ta da su akwai wani dattijo makaho, matarsa riƙe da hannunsa.

A bakin ƙofar birnin Sabuwa ta fara zuba haddarta: ku dubi nan, kun ga can. Sai dattijon ya yi gyaran murya.

"'Yata, faɗin ƙofar nan taku nawa ne?"

Ta san shekarar da aka gina ta, ta san yaƙin da aka yi a gabanta, amma wannan ba ya cikin littafi.

"Rabu da shi," in ji matar dattijon. "Shekara arba'in ina ba shi labarin duniya, kullum sai ya ce na rage wani abu."

"Ai ke komai kika gani sai ki ce babba ne," in ji shi.

Sabuwa ta saci kallon Oga, ta ga ya nuna mata agogo. Ta juya ga dattijon ta ce, "Baba, ban sani ba. Zo mu ƙirga."

Suka taka tare daga wannan bango zuwa wancan. Taku tara. Dattijon ya shafa dutsen, ya tsaya a wani kwari mai santsi daidai ƙugunsa, ya tambayi abin da ya ci wurin haka. Sai a lokacin ta gane shatin kekunan kaya ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna goga bangon. Ta bi ƙofar nan ya fi sau ɗari, ba ta taɓa lura ba.

A babban zauren fada ba ta ce masa rufin na da tsawo ba. Ta ce ya tafa sau ɗaya ya saurara. Amon ya hau sama, ya daɗe kafin ya dawo. Dattijon ya ɗaga fuska ya yi murmushi, ya ce yanzu kam ya shigo birni. Sauran baƙi ma suka kama tafi, ban da wani mai kyamara da ke ƙunƙuni cewa shi hasumiya ya zo ɗauka.

Kafin su isa hasumiyar an riga an sa kwaɗo. Oga bai ja magana ba, ya ce gobe kada ta fito.

Ta yi kwana goma a gida, ba ta gaya wa kowa dalili ba sai maigidanta.

A na sha ɗaya waya ta yi ƙara. Oga ne, murya ta yi laushi, har da tambayar mai jiki. Ashe dattijon tsohon malamin makarantar makafi ne, kuma ya ba tsofaffin ɗalibansa labari. Mutum talatin suka rubuto suna son zagaya birni, da sharaɗin a haɗa su da matar nan mai ƙirga taku. An gwada ba su wani ma'aikaci, suka ƙi.

Ranar da suka zo, ta durƙusa ta gaida dattijon, ta ce, "Baba, kai ka koya mini aikina. Allah ya saka da alheri."

"To yau dai sai an kai ni hasumiyar nan," in ji shi. "Matakala nawa ce?"

"Ɗari da sha huɗu. Jiya na hau na ƙirga."

An tabbatar mata da aiki a makon. Har yau duk Talata ita ke fita da baƙi marasa gani.

Darasi: Kada gaggawa ta sa mu tsallake wanda ke buƙatar mu ɗan tsaya masa. Haƙurin da muka yi da mutum ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma sau da yawa wanda muka tsaya wa shi ke koya mana abin da ba mu sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki su ma su karanta.