Marin Da Ya Ceci Ran Alhaji Ma'aruf

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Irving Park ta birnin Greensboro a ƙasar Amurka, sunansa Alhaji Ma'aruf. Ba abin da yake alfahari da shi kamar ƙaton tankin gilashin da ke falonsa, cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu launi.

Mai kula da tankin shi ne Malam Younoussa, wani dattijo ɗan Nijar da ya shekara goma sha biyar yana wannan sana'a. Alhaji bai taɓa ce masa ko zauna ba.

Bayan an kawo sababbin duwatsun teku an jera a tankin, sai kifaye suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ce sakacin Younoussa ne.

Ran wata Asabar, Alhaji yana nuna wa baƙi tankin, Younoussa na gefe yana gwada ruwa. Sai Alhaji ya hango wata katantanwa a gindin dutse, doguwa, da zanen fari da ruwan ƙasa kamar an yi mata lalle. Ya naɗe hannun riga ya miƙa zai ɗauko.

Tas! Younoussa ya kaɗe masa hannu.



"Ni ka mara? A gidana, gaban baƙina?" in ji Alhaji. "Kwashe kayanka ka fita!"

"Pardon, Alhaji, zan tafi," Younoussa ya ce a hankali. "Amma bari in fidda abin nan tukuna. Da rai a cikinta."

Ya sa dogon hantsaki ya ɗauko ta, ya jefa a wata kwalbar ruwa tare da ɗan ƙaramin kifi. Jim kaɗan, dodon-koɗin da ke ciki ya zuro wani siririn abu kamar zare, ya caki kifin. Nan take kifin ya sandare, dodon ya buɗe baki ya haɗiye shi.

"A cikin duwatsun ya ɓuya ya zo," in ji Younoussa. "Shi ke cinye kifayenka. Dafinsa kan tsayar da numfashin mutum, kuma har yau ba shi da makari."

Alhaji ya dubi yatsunsa. Ya zube kan kujera yana ta alhamdulillahi, gumi na tsattsafo masa.

Da ya dawo hayyacinsa, sai ya tashi ya riƙo hannun dattijon da hannu biyu.

"Malam, ka yafe mini. Na zarge ka, na kore ka, kai kuwa raina kake karewa."

Younoussa ya yi murmushi. "Ba komai, Alhaji. Da in ɗauki gawarka, gara ka kore ni."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya san aikinsa, ko da kai kake biyansa. Kuma ba duk abu mai kyau ake kai wa hannu ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kai iyali bakin teku.