Kifin Baba Orval

Akwai wata mata a jihar Idaho ta ƙasar Amurka mai suna Lorna Vickery. Duk hutun bazara, ita da yayanta Dwayne sukan kwashi iyalansu da mahaifinsu, Baba Orval, su tafi wani gidan katako a bakin kogi cikin duwatsu. Abin da ke kai su shi ne tirawut, kifin nan mai ɗige-ɗige, wanda ba na kiwo ba, ɗan asalin kogin, mai wayon tsiya.

Baba Orval ne ya koya musu jefa fatsa tun suna yara. Amma a wannan shekarar ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar hagu sai ja, hannu na rawa. Likita ya ce da wuya ya sake irin wannan tafiyar.

Duk da haka suka tafi da shi. Washegarin isarsu da safe, Dwayne ya fito da sabuwar sandarsa ta kamun kifi yana fito.

"Baba, ga kofi ga fanke. Ka zauna a baranda ka sha iska, mu za mu kawo maka labari. Ke kuma ƙanwata, shirya, bana ma kunya za ki sha."

Lorna ba ta taɓa kama wanda ya fi na Dwayne girma ba, kuma abin yana cinta. Jiya ta hango wani ƙaton kifi ƙarƙashin itacen da ya faɗo cikin ruwa, ta kama bakinta. Yau ce ranarta.

Har ta kai ƙofa, sai ta waiwayo. Tsohon ya saka hularsa ta kamun kifi, yana zaune yana kallon kogi, bai taɓa fanken ba.

Ta jingine sandarta. "Baba, tashi mu je."

"Ki bar ni, Lorna. Nauyi kawai zan zame miki."

"Da kake goya ni ka tsallake kogin nan, ka taɓa cewa na yi nauyi?"

Dwayne ya yi tsaki. "Idan ya faɗi a ruwa, ke za ki yi wa likita bayani." Ya yi gaba abinsa.

Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai da rana ta ɗaga kafin su isa. Ta shiga da shi ruwan har gwiwa, ta tsaya a bayansa, ta cafke bel ɗinsa da hannu biyu, sannan ta nuna masa gindin itacen da haɓa.

Jifan farko ya maƙale a reshe. Na biyu ya faɗo gabansu. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, ƙafafunta sun mutu, amma ba ta saki bel ɗin ba. Tsohon ya ja numfashi ya sake jefawa. Fatsar ta sauka a hankali, ruwa ya tafi da ita.

Sai ruwan ya dare, ƙaton kifin ya cafke fatsar.

Sanda ta lanƙwashe, zare ya shiga gudu. Dwayne da ke can ƙasa ya rugo yana ihu.

"Karɓe sandar! Zai kuɓuce masa! Lorna, karɓe mana!"

Hannun tsohon na karkarwa, kifin yana jan su biyun. Miƙa hannu kawai za ta yi, kifin ya zama nata. Ta ƙara damƙe bel ɗin.

"Yaya, kifin Baba ne. In taimako za ka yi, ɗauko raga."

Dwayne ya tsaya turus. Ya dubi mahaifinsa, ya ga yadda ya cije leɓe, idanunsa na ƙyalli kamar na saurayi. Sai ya durƙusa cikin ruwan da ragar.

Da aka ɗago kifin, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, gefensa ja kamar an shafa masa janbaki. Baba Orval ya shafa bayansa da yatsa.

"Mayar da shi, Dwayne. Ni da shi duk tsofaffin wurin nan ne."

Kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse. Sai a lokacin ƙafar tsohon ta ƙi ɗaukarsa. Dwayne bai jira an ce masa komai ba, ya juya masa baya ya duƙa.

"Hau, Baba."

"A hankali dai, ƙaton banza. Ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Lorna ta biyo su a baya da sanduna a kafaɗa, jiƙe sharkaf, haƙoranta na haɗuwa. Jikoki suka rugo suna tambayar wa ya kama. Ta ɗaga murya yadda duk wanda ke bakin kogin zai ji:

"Babana ne ya kama. Da hannunsa."

Darasi: Kula da iyaye bai tsaya ga abinci da wurin hutawa ba. Idan ƙarfinsu ya ragu, kada ka karɓe abin da ke hannunsu. Tsaya a bayansu ka riƙe su, su ƙarasa da kansu. Ka tura wa duk wanda mahaifansa ke raye.