Ranar da Tabawa Ta Hau Dutsen Hange

"Ku matso, ku daina ture-ture. To, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata tsohuwa ce, Tabawa, a wani ƙauye can bakin hamada. Ɗanta ɗaya tak, Nomau. Ya bi ayarin gishiri. Ayari ya dawo, shi bai dawo ba. Aka ce guguwar rairayi ce ta raba su. Shekara bakwai, ba gawa, ba labari. Duk wanda ta tambaya sai ya ce, "Yana hanya, Iya," ya ƙara sauri. Har aka daina shiga gidanta, don kowa ya gaji da faɗin haka. Mutane ke nan! Sai ta zauna ita kaɗai, kaɗaici yana cin ta.

To, akwai wani dutse, Dutsen Hange. An ce wanda ya kai ƙololuwarsa zai ga hanyar ayari har ƙarshenta. Tabawa ta nemi ɗan rakiya. Ran nan kowa ƙafarsa ke ciwo. Sai ta cika gora da ruwa, ta ɗauki sanda, ta fita da asuba.

Tana hawa, tana hawa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafarta. Da hantsi sai ga ƙadangare.

Ta ce, "Ƙadangare, ka ga ɗana Nomau?"

Ya gyaɗa kai, kun san halinsa. Ya ce, "Yana hanya, Iya." Sai ya shige rami.

Tana hawa, tana hawa. Rana ta take, dutse ya yi zafi kamar tanda. Takalminta ya tsinke, ta yar. Ba inuwa, ba motsin kowa, sai numfashinta take ji. Sai ga rema a bakin kogo.

Ta ce, "Rema, kin ga ɗana Nomau?"

Rema ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yana hanya, Iya." Sai ta shige kogo.

Tana hawa, tana hawa, yanzu da rarrafe, gwiwa duk jini. Ruwa ya rage maƙwarwa biyu. Sai ga mikiya.

Ta ce, "Mikiya, ke da ba abin da ke ɓoye miki, kin ga ɗana Nomau?"

Mikiya ta kau da fuska. Ta ce, "Yana hanya, Iya." Sai ta tashi sama.

Da la'asar Tabawa ta kai ƙololuwa. Ta duba gabas, rairayi. Ta duba arewa, rairayi. Ko raƙumi ɗaya babu. Ta ƙwala kira, "Nomau!" Iska ta kwashe.

Sai ta ji tari a bayanta. Ashe wata tsohuwar Buzuwa ce zaune, ta hawo ta ɗaya gefen.

Buzuwa ta ce, "Shekara nawa da ɓatansa?"

"Bakwai."

"Nawa ɗan, shekara goma sha biyu ke nan. Ni ba hange nake zuwa ba. Nan ne na fi kusa da inda yake kwance." Sai ta dube ta ido cikin ido, ta ce, "'Yar'uwa, hamada ba ta riƙe mai rai shekara bakwai. Allah ya jiƙan ɗanki."

Tabawa ta ɗaga sanda za ta kwaɗa mata. Hannu ya ƙi. Sai ta zauna, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Buzuwa ba ta ce mata ta yi shiru ba. Da Tabawa ta gama, sai ta ce, "Amin."

Suka raba ruwan gorar, kowa maƙwarwa ɗaya. Rana ta karkata. Kowacce ta sauka ta gefenta, ko sunan juna ba su tambaya ba.

Tabawa ta shigo gari ana kiran magariba, ba takalmi. Ba ta nufi gida ba, sai ƙofar liman.

Ta ce, "Malam, gobe a tara mutane, a yi addu'a. Nomau ya rasu."

Liman ya buɗe baki zai ce yana hanya. Da ya ga idonta, sai ya ɗaga hannu, ya yi wa Nomau addu'a.

Ƙurunƙus, kan ƙusu ya faɗa rami. Ku ji ni da kyau: in an yi wa mutum rashi, ku je ku zauna da shi. Kada tausayi ya sa ku bar shi yana gadin hanya.