Raƙumin Da Ya Koya Wa Jaki Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, muna saurare.

Shekara ashirin Raƙumi yana ɗauko wa Kura gishiri. Ran nan Kura ta samo Jaki, wanda ƙaiƙayi kaɗai ke isarsa. Ta ce, "Raƙumi, na sallame ka. Amma sai ka koya masa hanya tukuna."

A garin akwai rumbun da ake ciyar da wanda aka sallama daga aiki. Raƙumi ya tambayi Kunkuru mai tsaron rumbun, "Malam, in na ƙi koyarwa fa?"

Kunkuru ya ce, "To kai ka bar aiki da kanka. Ko tsaba ba ka da ita."

Raƙumi ya haɗiye baƙin ciki, ya nuna wa Jaki hanya rijiya-rijiya. A rijiyar ƙarshe Jaki ya ce, "Baba, kai wa ya koya maka?"

"Takarkari ne. An ɗauke ni don na fi shi ƙarancin ci."

"Yana ina yanzu?"

Raƙumi ya nuna wasu ƙasusuwa a gindin ƙaya, ya ce, "Riƙe hanyar da kyau, ɗana. Kai ma za ka koyar."

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.